Daga Zamanin Haraji Zuwa Zamanin Kaso: Yadda Zaman Shugaba da Mabiyi Ya Sauya

 Masu iya magana sun ce sarki goma, zamani goma. Dattawanmu suna kukan cewa yaran yanzu ba su san girman na gaba ba, matasa kuma suna cewa shugabanni ne suka manta da su. Kafin mu raba wannan gardama, ya kamata mu waiwayi hanyar da ta kawo mu nan.

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka bar sarakuna bisa gadajensu, suka yi mulki ta hannunsu, aka kafa abin da muka tashi muna kira En'e. Umarni yakan sauko daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya iso ga mai unguwa. Haraji da jangali kuma sukan bi wannan tsani su hau. Alƙali da ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke. Talaka ya ɗanɗana kuɗarsa a wancan zamani, domin akwai aikin tilas, akwai kuma kamun wanda ya kasa biyan haraji. Amma tun da daga aljihun talaka ake cika baitulmali, dole shugaba ya san shi. Mai unguwa ya san kowane magidanci da yawan iyalinsa da girman gonarsa. Dagacin da ya matsa wa jama'a har suka yi ƙaura, harajin garinsa zai ragu, rawaninsa kuma ya shiga haɗari.

Shekarar 1950 ce ta fara girgiza wannan tsari. A cikinta Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa En'e gyara, a cikinta kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa suka koya wa talaka cewa yana da bakin tambayar mai mulki, da yawansu kuma suka sha ɗauri saboda haka. A 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus, jama'a suka fahimci cewa akwai wani iko a saman na fada.

Bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, masu shugaba da kansiloli. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai tanadar wa sarakuna wani aiki ba.

Sai dai kowane sauƙi yana tafe da nasa nauyin. Yau kuɗin da ke tafiyar da ƙaramar hukuma kaso ne da ake aikowa daga asusun tarayya. Shugaban da abincinsa ke fitowa daga sama, sama zai riƙa kallo. Mabiyi kuma, da yake bai ga abin da ya fita daga aljihunsa ba, sai ya ɗauki dukiyar hukuma tamkar ta kowa da kowa wadda ba ta da mai ita. Haka zumunci ya koma na ranar zaɓe: a ba ka atamfa ko taliya, ka ba da ƙuri'a, a rabu sai bayan shekara huɗu. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma hukunci ba zai gyara rijiyar garinmu ba idan babu mai tambayar inda kuɗin suka shiga.

A nan ne aikin ƙungiyarmu yake. Matasanmu sun yi karatu, wayar da ke hannunsu tana kai musu labari kafin ya isa fada, kuma ba za su bi mutum don furfurarsa kaɗai ba. Wannan ba rashin kunya ba ne matuƙar an haɗa shi da ladabi. Mu dattawa mu tuna cewa babba juji ne, mu karanta wa taro lissafin kuɗin ƙungiya dalla-dalla, mu kuma ba matasa kujeru a kwamitoci tun muna da ƙarfin nuna musu hanya. Ku kuma da ke Legas da Abuja da Kaduna, ku biya kuɗin ƙungiya a kan kari, ku zo taron shekara, ku tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma abin da aka yi da kason garinku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya sa mu zama mabiya masu faɗin gaskiya, amin.