Tsawon Rai a Nima da Maamobi: Adadi da Shakkarsa

Idan masana suka ce tsawon ran ɗan Ghana ya kai kimanin shekara 64, ba ajalin kowa suke faɗa ba. Suna duba yawan rayayyu a kowane rukunin shekaru da waɗanda suka rasu a cikinsu, su fitar da matsakaicin shekarun da jariri zai yi in mutuwa ta ci gaba da ɗauka a wannan ma'auni. Denmark ta ba kowane mazauninta lamba tun 1968, don haka tana haɗa kundin rayayyu da na mamata mutum da mutum. A zangunan Accra irin su Nima da Maamobi kuwa kundin biyu ba sa haɗuwa.

Ƙidayar 2021 ta sami mutum miliyan 30.8 a Ghana, ta kuma shiga lungunan Nima. Giɓin yana kundin mamata. Musulmi kan sallaci gawa su rufe ta a yinin, kuma wanda ya cika a ɗakinsa ba lallai sunansa ya isa ofishin rajista ba, duk da dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 2020. Ga tsohon da ciwo ya ci ƙarfinsa ya ce a mai da shi Bawku ko Sakkwato: an ƙidaya shi a Maamobi, kabarinsa na can. A takarda yana raye, yana ƙara wa zango tsawon ran da ba shi da shi. Wanda aka rubuta ma, nan Mamman ne, can Mohammed, shekarunsa kuma kintace ne, sittin ko saba'in.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a buga wa zango adadi ɗaya tilo ba, sai da iyakarsa ta sama da ta ƙasa. Amma iyakar da aka saba lissafawa ƙarancin mutanen da aka auna kawai take nunawa, ba ta ganin mamacin da ba a rubuta ba. Ana bukatar kundi na biyu mai zaman kansa. Limamai sun san wanda suka sallata; in suka rubuta, aka gwama da na gwamnati, yawan sunayen da suka fito a duka biyun zai nuna kimanin waɗanda suka kuɓuce.

Sai dai zango bai manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin gwamnatin Busia ba. Limami ba zai miƙa littafinsa ba sai ya tabbata ba za a binciki asalin kowa da shi ba.