Gidan Rumfa: Ginin Sarauta a Ma'aunin Malaman Jihadi

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. A zamaninsa ne Shaihu Muhammad bin Abdulkarim al-Magili ya sauka Kano, ya kuma rubuta masa risala kan wajiban da ke kan sarki. Saboda haka tun asali fadar ta tashi ne a lokacin da sarautar Kano ke neman daidaita kanta da shari'a.

Ana ganin alamar wannan a tsarin gidan. Fadar tana maƙwabtaka da babban masallacin Juma'a. Mai shiga ta Ƙofar Kudu sai ya ratsa soro bayan soro, inda ake zaman fada da sauraron ƙararraki, kafin a kai cikin gida, wurin iyali, wanda baƙo namiji ba ya ƙetarawa. Tsarin ya haɗa haƙƙi biyu da fiƙihu ya kula da su: haƙƙin talaka na isa ga shugaba, da haƙƙin iyali na sutura.

Da ƙasa aka yi ginin. Magina kan jera tubali, su ɗaura azarar giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba, su lanƙwasa ta cikin laka har ta zama baka mai ɗauke da rufi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ana shafe bango da makuba don kare shi daga ruwa, a kafa zankwaye a kusurwoyi. Adon ciki kuwa, kamar na Soron Ingila da aka gina a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953), ya karkata ga dagi da zane mai sarƙaƙiya da launuka, ya nisanci surar mai rai, daidai da abin da malamai suka fi natsuwa da shi.

Jarrabawar gidan ta zo ne bayan jihadi. Tarihin Kano ya ruwaito cewa da Malam Sulaimanu ya zama sarki, manyan jama'a sun hana shi shiga Gidan Rumfa, don tsoron kada zuriyarsu ta ɗauki ɗabi'un sarakunan da aka kawar. Wani Bakano kuma ya nuna masa cewa sarautarsa ba za ta tabbata a birni da ƙauye ba muddin bai shiga ba. Sai ya nemi izini wajen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Shehu kuwa ya ba shi.

Tsoron jama'ar yana da tushe. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, ya sha kokawa kan yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu shugabannin jihadi. Amma iznin Shehu ya nuna wata fahimta: ɓarnar da aka yaƙa tana cikin zalunci da bidi'a, bango da soro kuwa kayan aiki ne da adali zai iya amfani da su. Da wannan izni gidan ya tsira, Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819, zuriyarsa kuma ta ci gaba da ƙara masa gini.

Barazanar yau ta dabam ce. Siminti ya maye gurbin laka a sassa da yawa, masu sanin ɗaurin baka kuma suna raguwa. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe na shekara-shekara, kuma idan magina suka ƙare, shaidar da bango ke bayarwa kan yadda magabata suka fassara shari'a a aikace za ta ƙare tare da su. Rubuta wannan ilimi daga bakin sauran magina aiki ne da ya hau kan ɗaliban tarihin Musulunci tun kafin lokaci ya ƙure.