Tsarin Haɗa Jagoranci a Wurin Agajin Gaggawa

A ƙarshen watan Satumba na 1970, gobarar daji ta tashi a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kwana 13 tana ci, busasshiyar iska tana hura ta. Mutum 16 suka rasu, gine-gine sama da 700 suka ƙone, daji fiye da eka 500,000 ya koma toka. 'Yan kwana-kwana sun kawo ɗauki daga ko'ina, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa rashin haɗin kai ya fi ƙarancin kayan aiki illa. Kowace hukuma da shugabanta, da zangon rediyonta, da sunayen da take kiran motocinta. Jami'i zai nemi taimako, a turo masa abin da bai nema ba.

Majalisar dokokin Amurka ta ware kuɗi a 1971, kuma a 1972 hukumomi bakwai, ciki har da Hukumar Gandun Daji ta ƙasa da 'yan kwana-kwanan Los Anjalas, suka kafa shirin FIRESCOPE. Daga nan aka samu tsarin da aka fi sani da ICS.

Ƙa'idojinsa ba su da wuyar fahimta, riƙe su ne aiki. Jami'in da ya fara isa wurin shi ne shugaba, ko da ƙarami ne, har sai ya yi wa wani bayanin halin da ake ciki ya miƙa masa ragama. Kowane ma'aikaci mutum ɗaya ne ke ba shi umarni, kuma ba a ɗora wa shugaba fiye da mutum bakwai. A rediyo ana magana ne a fili, ba a amfani da lambobin sirri da ɓangare ɗaya kaɗai ya sani. Idan 'yan sanda da likitoci da 'yan kwana-kwana suka haɗu a kan lamari ɗaya, shugabanninsu kan tsaya wuri guda su tsara shiri guda, kowa na riƙe da ikonsa.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya nuna tsadar saɓa wa wannan. A New York, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sun kafa sansanoninsu daban-daban. Jirage masu saukar ungulu na 'yan sanda sun hango saman bene na arewa, cikin tagwayen benayen da aka kai wa harin, yana lalacewa, amma gargaɗin bai isa ga 'yan kwana-kwanan da ke hawa matakala ba. A ranar, 'yan kwana-kwana 343 suka rasu. A Pentagon kuwa, inda nan ma aka kai hari, gundumar Arlington ta yi aiki da tsarin, kwamitin binciken harin ya kuma yaba mata. A 2003 Shugaba George W. Bush ya ba da umarnin a ɗauki tsari ɗaya a faɗin ƙasar, aka fitar da shi a 2004.

Birtaniya ta kafa nata shirin, JESIP, a 2012. Duk da haka, a daren 22 ga Mayu 2017 da bam ya kashe mutum 22 a ɗakin taro na Manchester Arena, motocin kashe gobara sun yi sama da awa biyu kafin su isa, suna jiran bayani daga 'yan sanda. Binciken da Sir John Saunders ya jagoranta ya gano cewa 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da 'yan kwana-kwana ba su haɗu a matattara ɗaya ba a wannan daren.