Mararrabar Osu da 'yan mazan jiya uku

A birnin Accra akwai titin da ake kira 28th February Road, kuma can kusa da mararrabar Osu akwai dandalin tunawa da mutum uku: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Babu janar a cikinsu, babu ko hafsa. 'Yan mazan jiya ne, irin waɗanda Ingila ta ɗiba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dubban takwarorinsu daga Gold Coast (Ghana ta yau) da Najeriya sun sha wuya a dazukan Bama, kuma Hausa ta daɗe tana cikin harsunan barikinsu.

An yi musu alkawarin fansho da aikin yi. Da suka dawo sai ga tsadar kaya, ga zaman kashe wando, abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba.

Ranar Asabar, 28 ga Fabrairun 1948, suka jeru sahu-sahu kamar yadda aka hore su, ba kowa da makami, suka nufi fadar Christiansborg don miƙa takardar koke ga Gwamna Gerald Creasy. A mararrabar nan 'yan sanda suka tare hanya. Baturen da ke jagorantarsu, Sufuritanda Colin Imray, shi da kansa ya ɗaga bindiga ya harba. Mutum ukun nan suka faɗi. Abin da ke ci mini rai ke nan: sun tsira daga harsashin abokan gaba, sai na wanda suka yi wa bauta ya same su a ƙofar gida.

Kafin dare gari ya kama da wuta, aka farfasa kantunan Turawa. A watan Maris aka tsare jagororin jam'iyyar UGCC shida bisa zargin hannu a tarzomar, har da Kwame Nkrumah da J. B. Danquah. Kwamitin Watson da ya yi bincike ya ba da shawarar sauya tsarin mulki, aka yi zaɓe a 1951, Ghana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957.

Ni a ganina Ghana ta kyauta da ta kafa dandalin a daidai inda jinin ya zuba, ba cikin bariki ba, inda farar hula ba sa shiga. Duk shekara idan ranar ta zagayo, sojoji kan yi fareti a wurin, a busa ƙaho, a kira sunayen ukun ɗaya bayan ɗaya, sannan wakilan gwamnati da tsofaffin sojoji da iyalan mamatan su ajiye furanni.