Daga Bama Zuwa Bakalori: Tarihin Nema Wa Tsohon Soja Abin Yi

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, akan tara 'yan mazan jiya a manyan birane, a busa bigila, a ajiye furanni, a saki tantabaru, kowa ya watse. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, da me waɗannan bayin Allah ke ci da iyalinsu a sauran kwanakin shekara. Wannan ɗan rubutu zai bi sawun tambayar tun daga yaƙin Hitila, ya kuma auna amsoshin da hukuma ta yi ta bayarwa da ma'aunin ƙasa guda, watau Talatar Mafara da Bakura da Maradun. A da gundumomi ne ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, yau kuwa ƙananan hukumomi ne a Jihar Zamfara.

Tsakanin 1939 da 1945 Turawa sun ɗauki 'yan Nijeriya wajen 120,000 aikin soja. A Arewa ta hannun sarakuna aka bi. Umurni kan fito daga Razdan zuwa ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, daga nan ya gangara zuwa ga hakimai irin su Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun, su kuma su sauke wa dagatai. Wasu samari sun tafi don sha'awar kaki da sule guda na kullum, wasu kuwa an nuna su ne da yatsa. Aka fara kai su Habasha, suka yaƙi Italiya a 1941. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka tura su Bama don su kara da Japan. Mai karatu da ya taɓa wucewa ta Barikin Cindit a Zariya ko Barikin Dalet a Kaduna, to, sunayen nan tsarabar wannan yaƙi ce.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun daga nan. Soja iri biyu ne ya tafi Bama. Akwai masu sana'a, watau direbobi da makanikai da akawuna da masu aikin waya da na asibiti, kuma galibinsu daga Kudu suka fito, inda makarantun boko suka riga suka yawaita. Akwai kuma masu riƙon bindiga da masu ɗaukar kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, kuma nan ne aka fi samun mutanenmu. Wanda ya yi ta dakon harsashi a kwarin Kaladan ya dawo da jaruntaka da lambar yabo, amma bai dawo da abin da zai kai kasuwar Talata a saya ba.

Da aka ƙare yaƙi, gwamnatin Turawa ta yi doka a 1945 wadda ta tilasta wa ma'aikatu da kamfanoni su keɓe wa tsofaffin sojoji wani kaso na guraben aiki. Aka buɗe ofisoshin rajista, aka kuma shirya koyar da kafinta da gini da ɗinki. A takarda abin gwanin kyau. Sai dai waɗanda suka ba da sunayensu sun ninka waɗanda suka sami aikin nesa ba kusa ba. Dalili kuwa a fili yake. Doka tana iya tilasta wa kamfani ya ɗauki mutum, amma ba ta iya haifar da kamfani inda babu shi. A ƙasar Mafara ta wancan zamani, in ka cire En'e da 'yan kantunan sayen gyaɗa da auduga, wa ke biyan albashi? Kuɗin sallama ma bai taka kara ya karya ba. Takardun da 'yan jarida suka tono a Ingila a 2019 sun nuna cewa a rundunonin Gabashin Afirka farabiti Bature ya sami sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fata kuwa sule uku da sisi. A daidai wannan lokaci Amurka ta riga ta yi doka tun 1944 mai biya wa sojanta kuɗin karatu, ta kuma tsaya masa ya ci bashin gida ko gona. Fushin da wannan wulaƙanci ya haifar ya fito fili a Ankara ta ƙasar Gana ran 28 ga Fabrairu 1948, inda aka harbe tsofaffin sojoji uku masu jerin gwano.

A Arewa ba a yi irin wannan tashin ba, kuma ba don an fi kyautata musu ba ne. Waɗanda suka yi sa'a En'e ta ɗauke su 'yan doka ko gandirobobi ko masinjoji. Waɗanda suka koyi tuƙi su ne suka fi kowa morewa, domin jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda tun 1929, hanyar mota daga Gusau zuwa Sakkwato kuma ta Mafara ta bi, ga gyaɗa da auduga na jiran mai kwasa. Tuƙi ya riƙe mutum ne saboda akwai mai bukatarsa a nan gida. Sauran jama'a, waɗanda su ne mafiya yawa, gandu ne ya karɓe su. Mutum ya dawo ya tarar uba ko wa ya riƙe gona, a ba shi fartanya, a yanka masa gayauna, a yi masa aure. In damina ta wuce ga fadamar Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ƙasashen nan uku, ana shinkafa da albasa da rake da dankali, ga su a tafkin Natu kusa da Bakura. Wanda bai da fadama ya tafi cin rani. A ganina, ofishin samar da aiki na gaskiya da tsohon sojan wannan yanki ya taɓa samu shi ne wannan fadama, kuma ba gwamnati ce ta buɗe shi ba.

Turawa ma sun hango haka, shi ya sa a 1948 suka buɗe sabon matsuguni a ƙasar Shandam ta Lardin Filato, inda aka fara da tsofaffin sojoji, aka yanka musu gonaki da sharaɗin su yi noma yadda malaman gona suka tsara. (Abin dariya, kalmar "sojan gona" a bakin Bahaushe ba manomi take nufi ba, mayaudari take nufi.) Amma irin wannan shiri 'yan kaɗan ya ɗauka.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu rauni. Asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko ya samo asali ne daga wurin jinyar sojojin wannan yaƙi. Sojojin da hankalinsu ya taɓu kuwa Lantoro aka kai su, a Abekuta, tun 1944. Duk a Kudu maso Yamma. Wanda aka sa wa ƙafar katako a Ikko ya koma Maradun, in ta lalace, tafiyar wajen kilomita 1,000 ke tsakaninsa da mai gyara. Wanda kuma ke firgita cikin dare, ko ya riƙa faɗa ba dalili, abin da likitoci yau suka sani ciwo ne mai magani, sai a ce ai soja ne, haka suke.

Sai zagaye na biyu. Yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, ya kumbura rundunar Nijeriya daga mutum wajen 10,000 zuwa wajen 250,000, har da tsofaffin 'yan Bama da aka sake kira. Janar Gowon ya yi ta jan ƙafa wajen rage su. Janar Murtala ya ɗaura niyya, kuma batun rage sojan yana cikin koke-koken da Dimka da mutanensa suka fake da su a Fabrairu 1976. Duk da haka gwamnatin Obasanjo ta ci gaba, aka sallami dubun dubata kafin a miƙa mulki a 1979. Babbar cibiyar da aka tanada don koya musu sana'a tana Oshodi, a Ikko kuma. Ana koyar da walda da kafinta da ɗinki da kiwon kaji da makamantansu, a ba mutum takardar shaida. Koyarwar ba laifi. Amma takarda ba ta sayen keken ɗinki, kuma mai walda a garin da babu wutar lantarki sunansa mai zaman banza. Ga fansho da sai an yi ta sintiri kafin ya fito. Saboda haka da yawa suka ƙare a aikin gadi, wasu ta hannun Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya wadda aka kafa da doka a 1964. Sauran aka ce musu su koma gona, ga shirin ciyar da ƙasa na 1976 ana ta shelarsa a rediyo.

To, a nan ne tarihin ƙasashen nan uku ya sha bamban da na sauran wurare. Shekarun da ake sallamar soja su ne daidai shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakalori. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta ba kamfanin Impresit na Italiya aikin, aka fara a 1974, aka gama madatsar a 1978. Tafkin ya shanye ƙasa wajen hekta 8,000, aka tashi mutane wajen 13,000, akasarinsu na ƙasar Maradun, aka mai da su kan tudu inda ƙasa ba ta kai wadda suka baro ba. A ƙasar Mafara da Bakura kuwa katafiloli suka shiga gonaki suna daidaita ƙasa domin noman rani, aka tumɓuke itatuwa, iyakoki suka ɓace, wasu manoma suka yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba. Da aka zo mayar da gonaki, ba kowa ya sami tasa ba, kuma aka riƙa faɗa wa mutum abin da zai shuka, musamman alkama. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa diyya ta tsaya kan amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ita ma ta yi ta jinkiri. Can gangare da madatsar kuma ambaliyar da ke jiƙa fadama kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya, kamar yadda binciken W. M. Adams ya nuna.

Mai karatu ya ƙaddara ɗan wannan yanki da aka sallama daga soja a 1977, aka ce ya koma gona. Wace gona? Ko tana ƙarƙashin ruwa, ko tana ƙarƙashin katafila. Kuɗin sallamarsa, wanda da zai zama jarin shanun huɗa ko injin ban ruwa, sai ya tafi wajen sayen hatsin da gidan ya saba nomawa da kansa. Gandun da ya karɓi ɗan Bama a 1946 ba shi da ƙarfin karɓar ɗansa. Aikin lebura da gadi da tuƙi da ginin ya kawo kuwa, da kamfani ya naɗe kayansa, ya tafi da abinsa.

Manoma suka yi ta kai kuka, daga baya suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, wasu majiyoyi suka ce sun haura 380. Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi rubutu mai tsawo a kan wannan al'amari a 1985, kuma ya kamata kowane ɗalibi ɗan Zamfara ya neme shi.

Daga baya abubuwa sun ɗan canza. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Mafara ta sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, Bakura ta sami Kwalejin Aikin Gona, watau ga wurin koyon sana'a a ƙofar gida, ba sai an je Oshodi ba. Wani shirin Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014 ya sa hannu wajen gyaran magudanan Bakalori. Da za a keɓe wa sojan da aka sallama fili a cikin gonakin da aka gyara, a haɗa masa da jari da mai bibiyar lamarinsa na shekara ɗaya ko biyu, da an yi abin da aka kasa yi a 1946 da 1977. Sai dai wata sabuwar annoba ta shiga tsakanin manomi da gonarsa. 'Yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata a Jangebe ta ƙasar Mafara a Fabrairu 2021, suka kuma afka wa ita kanta Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agustan wannan shekara. Su kuwa sojojin da suka yi ritaya bayan yaƙin Arewa maso Gabas da na dazukan Zamfara, a ƙarshen 2024 da cikin 2025 an gan su sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman a biya su haƙƙinsu.