Mastas ko zaman jira?

Jiya bayan isha'i ɗan yayata ya same ni a gida nan Tarauni. Wata bakwai ke nan da gama bautar ƙasa, aiki shiru, yanzu yana son sayen fom ɗin mastas. Na ce a wane fanni? Ya ce, "Kawu, ko ma wanne ne, in dai ba zaman gida ba." Amsar nan ta tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari mu ɗan waiwaya baya.

A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar makarantar koyon Larabci ta SAS. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 ta ɗauki sunan Sardauna, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashinta. A 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. A shekarun farko Larabci, addinin Musulunci, tarihi da harsuna ne ƙarfinta, kuma ba ka jin ana tambayar ɗalibi me zai yi da su. Gwamnatin Arewa na neman 'ya'yanta su maye gurbin Turawa a ofisoshi. Sannan a 1967 aka ƙirƙiro jihohi, Audu Bako ya zo Kano yana neman ma'aikata ido rufe. Manyan da na tarar a ofis sun sha ba mu labarin yadda takardar aiki ke jiran mutum tun bai gama jarrabawa ba, ga rancen mota, ga gida. Ko makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, an kafa su a 1977 ne don jiha ta duba ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi.

Wato a da, wanda ya tura ka karatu shi ne mai kujerar da za ka dawo ka zauna.

Daga 1986 da Babangida ya kawo SAP abin ya juya. Naira ta faɗi, masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ɗaukar aikin gwamnati ya zama sai an dace. Amma mu iyaye har yau lissafin 1977 muke yi. Ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, kullum muna wuce shi a Gyadi-Gyadi muna ganin yara da fararen riguna, kowa ɗansa likita. Ni ma haka aka yi min. Sau biyu mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana sa ni cike likitanci a fom ɗin JAMB, na uku na haƙura na karanta labarin ƙasa. Aikin ma sai da na shekara huɗu ina yawo da fayil, kuma gaskiya ba takardar ce kaɗai ta sama min shi ba.

Yaron nan ma likitanci ya nema, aka ba shi kimiyyar ƙananan halittu, aka ce masa ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ɗakunan gwajin jini da ke kewaye da asibitin lasisi suke tambaya, shi kuma kwas ɗinsa ba ya ba da wannan lasisin. Shekara huɗu, ga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa.

Kar a ce ina kushe mastas. Ɗalibai 501 da gwamnatin Kwankwaso ta tura waje a 2012 sun dace da lokacin da jami'ar Wudil da sabuwar Northwest ke buƙatar malamai, kuma na san waɗanda suka dawo suka kama koyarwa. Na kuma san waɗanda suka dawo muka ci gaba da haɗuwa a majalisa. A aikin gwamnati mai digiri mataki na 8 yake farawa, mastas bai cika ƙara masa fiye da mataki ɗaya ba. In dai an ɗauke shi ke nan.

Na ce masa ya nemo mutum uku da suka yi mastas a fanninsa cikin shekara biyar ɗin nan, ya tambaye su me suke yi yanzu. In koyarwa yake so tsakani da Allah, rabin kuɗin rajista a wuyana. Ya ce zai dawo ranar Juma'a.

Da safen nan Yaya ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce na kashe wa ɗanta gwiwa.