Daga Mokwa Zuwa Bakolori: Yadda Aka Daɗe Ana Tsara Wa Manomi Noma a Bayan Idonsa

Tun 1946, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka fito da shirinsu na raya ƙasa na shekara goma mai kasafin fam miliyan 55, ba a taɓa rubuta tsarin tattalin arzikin Nijeriya ba tare da an ɗora noma a sahun gaba ba. An yi haka a shirin farko na bayan 'yancin kai, na 1962 zuwa 1968, aka maimaita a na 1970 da na 1975 da na 1981, har yau kuma ba a fasa ba. Duk da haka, alƙaluman da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 sun nuna cewa mutum 72 cikin ɗari na mazauna karkara suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, a birane kuwa 42. An saba ɗora laifin a kan sata da canjin gwamnati, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai duk wanda ya bi tarihin sannu a hankali zai tarar da wata cuta da ta girmi sata. Shirin da ya yanke wa manomi abin da zai shuka, da inda zai shuka, da lokacin da zai shuka, ya sha faɗuwa ko da ba wanda ya ci kwabo a cikinsa. Wanda ya tsaya da ƙafafunsa shi ne wanda ya dubi abin da manomi yake yi da ma, ya rage masa wahalarsa.

Gyaɗa ce shaida ta farko. Da aka kawo layin dogo Kano a 1911, auduga Turawa suka sa a ransu, domin masaƙun Ingila na neman wadda za ta rage musu dogaro da Amurka. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙa da marinan gida suna sayen auduga da tsada fiye da Bature, gyaɗa kuwa tana zama lafiya a gona ɗaya da gero, ba ta gajiyar da ƙasa, idan kasuwa ta faɗi kuma ana iya cinta. Ga haraji da dole a biya da kuɗi. Fataken goro, waɗanda suka san ƙauyuka kuma suka san bashi, su suka shiga tsakani suna ba da gishiri da tufafi da kuɗi tun kafin kaka, kuma daga cikinsu ne Alhassan Ɗantata ya fito. Cikin shekara biyu gyaɗa ta cika tashar jirgin Kano har ta fi ƙarfin taragai. Babu wannan a takardar kowa. Abin da hukuma ta kawo shi ne hanya, zaɓi kuma na manomi ne.

Da hukuma ta ga kuɗi, sai ta shigo. A lokacin yaƙin duniya na biyu ta karɓe sayen gyaɗa, a 1949 aka kafa hukumomin ciniki na gyaɗa da na auduga, a 1954 suka koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce: a tsayar da farashi guda a farkon kaka, a ajiye rarar shekarar tsada don a cike giɓin shekarar araha. A aikace rarar ba ta komo ba. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya ƙiyasta cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960 an riƙe wa manomin gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihunsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Masu kare wannan tsari suna cewa da kuɗin ne aka gina masaƙar Kaduna da makarantu da asibitoci, kuma ƙasar da ba ta da wata hanyar samun kuɗi dole ta tatsi abin da take da shi. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma za a ce an watsar da kuɗin duka ba. Amma tana tabbatar da zargin ne: ƙauye ya biya, birni ya mora. Manomi kuma ya mayar da martani da hanyar da ya iya. Ya sayar wa mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya tsallaka iyaka da buhunsa idan farashi ya fi a can, ya rage gonar gyaɗa. Kafin farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 su ƙarasa ta, sana'ar ta riga ta yi laushi.

A wannan zamanin ne aka yi gwajin da ya kamata ya zama darasi. A 1949 aka buɗe wani babban aikin noma a Mokwa, a ƙasar Nupe. Aka sare daji, aka kawo taraktoci, aka gina ƙauyuka, aka ba kowane magidanci eka 24 ya noma a shekara, da sharaɗin kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku na amfanin. Tarakta tana huɗa eka 24 cikin sauƙi, amma ciyawa da fartanya ake cire ta, kuma babu iyalin da zai iya bin wannan fili kafin ciyawa ta shanye shuka. Ƙari a kan haka, yankin ba a ƙarancin gona yake ba, don haka babu dalilin da zai sa mutum ya bar tasa ya zo ya yi wa wani bauta. A 1954 aka rufe aikin. Bayan fiye da shekara goma, David Norman da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Samaru suka bi manoman ƙauyukan Zariya suna auna aikinsu, suka gano abin da kowane tsoho ya sani: abin da ke ɗaure manomi shi ne ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai, kuma haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona suke kira jahilci, ya fi ba shi riba da kariya daga asara. Wolfgang Stolper, Ba'amurken da ya jagoranci rubuta shirin 1962, shi kansa ya wallafa littafi a 1966 yana kukan cewa an yi tsarin ne babu alƙaluman da za a dogara da su.

Sai man fetur ya zo, darasin ya bi ruwa. Shirin 1975 ya fara da naira biliyan 30, gwamnati ta daina buƙatar kuɗin manomi, abin da take buƙata shi ne abinci mai araha ga birane da ayyukan da za a gani da ido. Aka yi gangamin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, aka yi juyin noma na Shagari a 1980, amma babban kuɗin ya tafi ne ga hukumomin raya koguna, waɗanda aka mayar goma sha ɗaya a 1976. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, wani kamfanin Italiya ya datse kogin Sakkwato, aka kammala madatsar a 1978. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki ta wajen Maradun. A filin da za a yi ban-ruwa kuwa, sai da katafila ta baje ƙasa, ta tuge ɗorawa da kaɗanya da kuka, ta share iyakokin gonakin gado, mutane suka yi damina bayan damina ba su shuka ba suna jiran diyyar da ba ta zo daidai ba. Da suka gaji suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki, a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Adadin mamatan da hukuma ta amsa kaɗan ne, masu binciken da suka biyo baya sun ce ɗaruruwa ne. Asarar da ba a cika ambata ba ita ce ta mutanen ƙasan kogin. Fadamarsu da ambaliya take rayuwa, da aka riƙe ruwan sai shinkafa ta ja baya, noman rani ya ragu, masunta suka watse. A saman kuwa, yawancin filin an tsara shi ne da na'urorin feshin ruwa masu cin lantarki, da suka lalace aka rasa mai gyara.

Aikin ban-ruwa na Tafkin Cadi ya fi ban mamaki. An tsara shayar da fiye da hekta 60,000 a wajen Marte don alkama da shinkafa, da ruwan da za a janyo daga tafkin ta wata doguwar magudana. Aka buɗe a 1979, tafkin ya ci gaba da ja da baya, a farin 1984 bakin magudanar ya koma tudu. Manoma ba su jira kowa ba, suka bi ruwan zuwa cikin tafkin suna shuka wake da masara a laimar da ya bari, kamar yadda Barebari da Shuwa suka daɗe suna dasa masakwa a firgi bayan damina.

Za a ce to ai ga Tiga. Madatsar da gwamnan Kano Audu Baƙo ya gina, wadda aka kammala a 1974, ita ta mayar da Kura da Kadawa da Bunkure cibiyar shinkafa da tumatir, kuma wanda ya ce babban aiki bai taɓa amfani ba bai je can ba. Gaskiya ne. Amma a lura da yadda amfanin ya zo. Alkama aka yi niyya, ita aka matsa wa manoma su shuka, har gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987 don a tilasta nomanta, aka janye hanin bayan shekara biyar. Kura ta bunƙasa ne da manoma suka yi watsi da jadawalin hukuma suka bi kasuwa. Sannan akwai bashin da ba a biya ba, domin ruwan da aka riƙe a madatsun Tiga da Challawa ruwan fadamun Haɗeja da Nguru ne.

Abin da ya yi aiki ba shi da kyan hoto. A 1975 aka fara ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe da rancen Bankin Duniya. Ba a tashi kowa daga gonarsa ba. An yi hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, an buɗe cibiyoyin sayar da taki kusa da manoma, an kawo irin farar masara da aka inganta a Ibadan. Kafin nan masara abar bayan gida ce, ana gasa ta a ci kafin gero ya nuna. Cikin shekara goma ta zama babban amfanin gona daga Funtuwa da Ɗandume har Saminaka, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Haka ya faru da fadama a shekarun 1980, sa'ad da ayyukan Kano da Bauci da Sakkwato suka yaɗa ƙaramin injin ban-ruwa da gajeriyar rijiyar bututu da ake haƙawa a yini guda. Mai lambu da ma yana ban-ruwa da jigo, yana ɗaga guga tun asuba don 'yan fangali kaɗan. Injin ya ninka masa filin, ya bar masa zaɓin albasa ko tattasai ko shinkafa, ya rage masa tafiya cirani. Kuɗin hekta ɗaya a wannan hanya ɗan ƙaramin kaso ne na abin da aka kashe a kan hekta ɗaya a Bakolori, shi ya sa aka mayar da shi shirin ƙasa a farkon shekarun 1990.

Suka biyu ake yi wa wannan misali, kuma duk biyun suna da tushe. Na farko, masarar Funtuwa ta hau ne a kan takin da gwamnati ke biyan kusan kashi 80 na kuɗinsa, da irin da masana suka samar, don haka nasarar ta hukuma ce. Babu mai musun wannan. Maganar ba wai gwamnati ta cire hannu ba ce, ai an ga abin da cire hannu ya jawo bayan 1986, da aka rushe hukumomin ciniki ba a kafa komai a madadinsu ba, aka bar malaman gona babu babur babu albashi a kan kari. Bambancin yana tsakanin hukumar da ke shimfiɗa wa manomi zaɓi da wadda ke zaɓar masa. Suka na biyu ya fi ciwo: mai hali ne ya fi morar shirin. Mai bincike Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna cewa talakan ƙauye yakan kasa noma ne saboda talaucin kansa. Rumbunsa yana ƙarewa kafin damina, sai ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai makonnin da tasa ke neman hannu. Irin wannan mutum ko an ba shi taki sayarwa zai yi. Babu shirin da ya taɓa tunkarar wannan rami da gaske, kuma wannan gazawa ta kowa ce.

Taki kuwa ya zama siyasa. Ana rabonsa ta hannun 'yan jam'iyya, yana isowa bayan shuka ta wuce lokacinsa, yana ɓullowa a kasuwannin Nijar da Kamaru. Akinwumi Adesina, da ya zama ministan noma a 2011, ya ce manoma 11 cikin ɗari ne kawai takin gwamnati ke kaiwa gare su, ya koma aika wa manomi saƙon karɓa ta wayar salula. Shirin bai daɗe ba bayan tafiyarsa. Wanda ya gaje shi, rancen Babban Banki da Buhari ya ƙaddamar a Kabi a watan Nuwamban 2015, ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, galibi a kan shinkafa. Noman shinkafa ya ƙaru, musamman inda da ma ake yinta da injin fadama, amma kaso mai yawa na bashin bai dawo ba, kuma tsohon halin ya sake bayyana: daga Abuja aka zaɓi amfanin gona, aka zaɓi iri, aka zaɓi dillalin da zai kawo kayan.

A 2003, a Maputo, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa noma kashi goma cikin ɗari na kasafinsu, Nijeriya ba ta kusanci wannan adadi ba, kuma ana yawan kafa hujja da haka. Amma shekarun da noma ya fi samun kuɗi su ne shekarun Bakolori da Marte. Ɗan majalisar da aka ajiye wa kasafin noma na jiharsa a gabansa ya fara duba nawa aka ware wa kwangilar taraktoci da taki, nawa kuma aka ware wa hanyar ƙauye da malamin gona da tsaron da zai bar manomin Zamfara ya kai gonarsa. Idan na farkon ya rinjayi na biyun, kada ya sa hannu.